Hawan keke a bakin Shuɗin Nilu: kwalta ko gefen tur'a?

Ɗan Maiwurno:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga waɗanda suka san keke ciki da waje. Samari biyar ne ke son fara fita kowace Juma'a da sassafe, don motsa jiki da ganin gari, tsakanin Maiwurno da Sinnar a nan Sudan, in ƙafa ta saba a miƙa har Singa ko a nausa arewa wajen Madani. Kekunan ba iri ɗaya ba ne. Biyu na tsere ne na gwanjo, masu siririyar taya 700x23, wato faɗinta milimita 23. Ɗaya mai ƙatuwar taya ne, inci 26. Sauran biyun Phoenix ne irin na iyayenmu. Wace hanya ta fi, kwalta ko gefen tur'a, wato magudanar ban-ruwa? Me ya kamata a gyara kafin a fita, me kuma za a riƙe a jaka?

Mai Faci, Sinnar:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar hanya tukuna, a fara da taya, don ita ce za ta zaɓa muku hanyar. Taya 23 ba ta ƙasarmu ba ce. An yi ta ne don kwalta mai sulɓi, kuma sai ta sha iska PSI 90 zuwa 100 a ma'aunin famfo kafin ta ɗauki mutum. Da irin wannan iskar, duk tsakuwar da ka taka sai ka ji ta a haƙoranka. Idan kuma ka rage iskar don ka samu sauƙi, ramin farko zai matse tub tsakanin wili da bakin ramin, ya yi mata huda biyu jere kamar saran maciji.

Abin yi, a canza ta zuwa 28, in keken ya yarda a kai 32. Yadda ake gane ko ya yarda: a sa tayar, a ba ta iska, a duba tazarar da ta rage a wuri uku, wato ƙarƙashin birkin gaba, ƙarƙashin birkin baya, da tsakanin ƙarafan nan biyu da ke bayan feda. A samu aƙalla milimita 4 ta kowane gefe. Yawancin tsofaffin kekunan tsere ba sa wuce 28, wasu ma 25 ce iyakarsu. In ka tilasta, laka kaɗan za ta cike tazarar ta riƙa cin fentin, daga fenti ta shiga ƙarfe.

Wurin saye kuma kada a dogara da inci. A duba lambar da ke jikin tsohuwar tayar: 622 ita ce ta keken tsere, 635 ta Phoenix mai 28 x 1½, 559 ta mai ƙatuwar taya, 630 kuma ta tsofaffin masu 27. Ta 622 da ta 635 duk "28" ake ce musu a kasuwa, amma ɗaya ba ta hawa wilin ɗaya.

Malamin Makaranta, Madani:
Usta, a nan ban bi ka ba gaba ɗaya. Wanda ya sayi keken tsere don gudu ya saye shi. Ka sa masa taya 32, ka mai da doki jaki. A kan kwalta siririyar taya ta fi sauri, wannan kowa ya sani.

Mai Faci, Sinnar:
Malam, a kan wace kwaltar? In mai kyau ce sumul, bambancin kaɗan ne, bai kai a yi gardama ba. A kan kwaltar da ta tsage ta yi faci-faci kuwa, siririya mai iska da yawa tsalle take yi, kuma duk tsallen nan ƙarfin ƙafarka ne ke zubewa. Mai faɗi da iska madaidaiciya tana haɗiye gargadar ta wuce. Siririyar tana sa mutum ya ji kamar yana gudu ne saboda girgizar, amma a duba agogo. Ga mai nauyin kilo 70: taya 28 a ba ta iska PSI 70 zuwa 75, taya 32 a ba ta 55 zuwa 60, a rage wa ta gaba kamar 5 domin nauyin ya fi zama a baya. Mai kilo 85 ya ƙara 8 zuwa 10. A hanyar ƙasa a rage kaɗan. Sannan kada a cika taya taf da asuba a jingine keken a rana, iskar ciki na ƙaruwa da zafi, tsohuwar taya kan fashe tana tsaye ba wanda ya hau ta.

Direban Lori:
Ni ta ɓangaren sitiyari zan yi magana. Hanyar da ta taso daga Madani ta bi Haj Abdallah da Wad al-Haddad ta shiga Sinnar, ta wuce Maiwurno da Singa har Damazin, hannu biyu ce kacal, kuma ita ke ɗauke da manyan motoci da bas-bas na wannan yankin duka. Ba hanyar shaƙatawa ba ce. Bas mai gudu idan ta wuce ka, iskarta tana fara ture ka waje, wutsiyarta kuma ta jawo ka ciki. Wanda bai saba ba a nan yake karkata. Gefen kwaltar a wurare da yawa ya zaizaye, akwai gangara kamar tsawon yatsa ko fiye. Sauka ba wuya, komowa kan kwaltar ce ke kayar da mutum, saboda tayar gaba tana gogar bakin ta zame. In ka sauka, rage gudu, duba baya, ka hau a karkace sosai, kar ka hau a kwance.

Abu biyu kuma. Lori mai kaya ba ya tsayawa nan take ko direban ya gan ka. Kuma daga hannun dama, dab da ƙofa zuwa tayoyin baya, madubi ba ya nuna keke. Kada a taɓa ratsawa ta daman lori a mahaɗa. Lokacin yankan rake da lokacin kwasar riɗi da dawa motocin sun fi yawa, direbobin kuma ba barci. In dole sai an bi kwalta, Juma'a da sassafe ita ce mafi sauƙi, a jera ɗaya bayan ɗaya a hannun dama, a sa riga mai haske, a kunna jar fitila a baya ko da gari ya waye.

Manomin Jazira:
Direba ya gama magana kan kwalta. Hanyar shiru da kuke nema tana gefen tur'a. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka ja babbar tur'a daga yammacinta ta nufi arewa cikin Jazira, yankin noman ban-ruwa, daga ita manya suka fita, daga manya ƙanana, kuma kusan kowacce akwai hanya a kafaɗarta da karo, wato amalanken jaki, da babur da tarakta ke bi. Ƙasar shimfiɗe take kamar faranti, babu hawa babu gangara. Sai dai wannan hanyar tana da nata sharuɗɗan, kuma babbansu ƙasar ce kanta.

Baƙar laka ce. Da rani ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, inda ƙafa ta taka ta yi laushi, keke na tafiya a kai lafiya lau. Inda ba a takawa kuwa tana tsagewa, tsagar da hannu ke shiga. Tsagar da ta gitta hanya ba komai, ka bi ta kanta. Wadda ta bi tsawon hanya ita ce mugu: siririyar taya ta faɗa ciki, keke ya tsaya cak, mai shi ya wuce ta saman kai. Wannan kaɗai ya isa a ce 23 ba ta zuwa nan.

Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Oktoba, ruwa kaɗan ya ishe ta. Ba santsi ne kawai ba, mannewa take yi. Tafiyar mita 20 taya ta zama kamar turmi, lakar ta cushe tsakanin taya da madigadi, wili ya daina juyawa. Mai giya idan ya matsa feda da ƙarfi a wannan hali, ƙarfen da ke riƙe da mai canza giyar baya ne ke lanƙwashewa ko ya karye, ya afka cikin wayoyin wili. Da ka ji feda ta yi nauyi ka sauka, ka samu kara ka ƙwaƙule. Bayan ruwa mai ƙarfi a ba hanya kwana biyu zuwa uku. Kuma makonnin farko bayan ɗaukewar ruwa hanyar ba daɗi, domin sawun tarakta da kofaton shanu sun bushe a yadda suke, sai ka ce kan dutsen niƙa kake tafiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ta fi kyau, lokacin ƙafa ta daddaɓe ta, alkama ta yi kore, auduga ta fashe.

A lura da inda karraka, motar haƙa, ta yi yasar tur'a. Lakar da ta kwaso a kan kafaɗa take zubawa, sama ta bushe ciki danye. In kun ga tudun laka sabo a gefe ɗaya, ku tsallaka gada ku bi ɗaya gefen.

Ɗan Maiwurno:
Baffa manomi, Allah ya saka. To ɓata fa? Wuraren nan duk kama suke yi da juna.

Manomin Jazira:
Gaskiyarka. Amma ƙasar a auna take, wanda ya gane tsarin ba ya ɓata. Daga ƙaramar tur'a, kusan kowace mita 300 akwai abu ishirin, wato ƙaramin lambatu, da ke fita ya shayar da nimra guda, fili mai fadan 90 (fadan kamar eka ce), wadda aka yayyanka hawasha-hawasha, wato gonakin manoma. Ƙidaya su tana gaya maka nisan da ka yi: goma, ka yi wajen kilomita 3. Ruwan babbar tur'a arewa yake gangarawa, don haka in kana son komawa Sinnar ka fuskanci inda ruwan ke fitowa. A riƙe gadoji da ƙofofin ruwa a ka, su ne alamomi. A sauke taswira a waya tun daga gida, don sabis yana ɗaukewa. Kuma kada a yanke ta cikin hawashar mutane don rage hanya. In ana ban-ruwa za ka nutse, in ba a yi za ka taka shuka, duk biyun ba riba.

Ku da ke kudu da madatsa kuma tsarinku daban ne. Can famfuna ne ke ɗaga ruwa daga bahar, wato kogin, hanyoyin na bi tsakanin lambunan ayaba da mangwaro da dazukan bagaruwa. Sun fi inuwa, sun fi kyan gani, amma sun fi ƙaya da yashi, kuma na kusa da ruwa suna nutsewa idan tafkin madatsar ya cika.

Mai Faci, Sinnar:
Tun da an zo kan ƙaya. Huɗu ne ke kawo mana aiki. Tsidau, wanda Larabawa ke ce wa diresa, shi ne sarki: ƙwallonsa duk yadda ya faɗi akwai tsini a sama, yana shimfiɗe a gefen hanya inda ake tsayawa hutu. Yawancin hudarsa ba a tafiya ake samu ba, a wurin jingine keke ne. Kafin a sake hawa a ɗaga kowace ƙafa a juya ta, a cire abin da ya maƙale tun bai shige ba. Sai miskit, mai doguwar ƙaya da ke huda har tayar karo. Sai bagaruwa. Ƙarangiya ita a safa da wando take ɓarna, ba ta cika ratsa taya mai kauri ba.

Rigakafin mai araha: a samu tsohuwar taya siririya da ta suɗe, a yanke wayar bakinta ta gefe biyu, a shimfiɗa ta cikin sabuwar, tsakanin taya da tub. A goge bakin yankan ya yi laushi, in ba haka ba shi da kansa zai ci tub ɗin. Tana ƙara nauyi, amma tsidau ba ya kaiwa.

Bakanike, Singa:
Wannan dabarar kakanni ce, Usta. Yanzu akwai taya marar tub, a zuba mata ruwan toshe huda, mililita 40 zuwa 60 kowace ƙafa. Ƙaya ta shiga, ruwan ya toshe ramin kana tafe, ba ka ma sani ba. Don ƙasar ƙaya aka yi ta.

Mai Faci, Sinnar:
Tana aiki, ban musa ba. Amma faɗa musu sauran. Sai wili da taya duk sun zama irin nata, kekunan gwanjon nan kuwa ba irin su ba ne, kuma haɗa ta a wilin da ba nata ba da iska mai yawa na iya sa taya ta fice daga wili. Ruwan na bushewa, a zafinmu wata biyu ya zama danƙo, sai an sake. Daga ina za a riƙa samo shi? Kuma ranar da aka samu yanka babba, dole dai a sa tub, bayan an zauna an tsince duk ƙayoyin da suka taru a tayar. Tub kuwa kowane mai faci a kowane ƙauye ya san ta.

Bakanike, Singa:
To a raba gardama. Ana iya zuba ruwan cikin tub ɗin kanta idan bawul ɗin mai kwancewa ne, irin na mota. Mai ƙatuwar taya ya yi haka, iskarsa ba yawa, yana toshewa da kyau. A siririya mai iska 70 ba ya cika riƙewa, fesowa yake yi. Illarsa, tub ɗin da ta sha ruwan faci ba ya kama ta sai an wanke wurin sosai an busar.

Malamin Makaranta, Madani:
A yi wa yaran bayanin facin kansa, don da yawa suna yi ya ɗaye kafin a kai gida.

Mai Faci, Sinnar:
Gaggawa ce ke ɗaye shi. In ƙafar baya ce, a fara mai da sarƙa kan ƙaramin haƙori kafin a cire wili. A fitar da tub da abin ɓanɓare taya na roba, ba da sukudireba ba, ita ce ke ƙara huda. A ba ta iska a nemo ramin, in ba ruwa a kusa a kai ta kusa da leɓe, za a ji iskar. Kafin komai a gwada tub da taya daga wurin bawul, a gano inda abin ya shiga, a shafa cikin tayar da yatsa a hankali. Wanda bai cire ƙayar ba zai sake zama bayan mita 200.

A goge wurin da sanfefa ya fi facin faɗi, har ƙyallin robar ya tafi. A shafa sholisho siriri, sau ɗaya. Sai a jira minti 3 zuwa 5 har ya daina ƙyalli ya bushe. Nan ne kowa ke kuskure, ana ganin in ya bushe ba zai kama ba, alhali a jiƙe ne ba ya kamawa. A kiyaye ƙura, kada a taɓa da yatsa. A ɗora faci, a danne daga tsakiya zuwa baki minti guda. Wurin mayarwa a ba tub iska kaɗan ta yi siffa, a gama shigar da bakin taya da hannu, a zagaya a tabbata ba ta matsu a ƙarƙashin baki ba.

Ramin ma yana magana. Ɗaya a waje, ƙaya ce. Biyu jere, iska ta yi kaɗan. A ciki ta ɓangaren wili, ƙyallen da ke rufe kan wayoyi ne ya goce ko ya tsage. A gindin bawul, ba ta facuwa, a canza.

Kayan jaka ga kowane mutum: tub biyu na girman kekensa, faci da sholisho wanda ba a buɗe ba (buɗaɗɗe yana bushewa a cikin jaka), famfo da ya dace da bawul ɗinsa. Na jama'a kuma: makullan alan 4 da 5 da 6, sifana 15 don notin wilin Phoenix, abin yanke sarƙa da mahaɗinta, da guntun tsohuwar taya don toshe yanka daga ciki.

Ma'aikaciyar Jinya:
Kun yi ta maganar keke, mai hawan fa? A fita bayan sallar asuba da zarar hanya ta ganu, a dawo kafin rana ta ɗaga. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, tafiyar ta zama gajera ko a haƙura. Ruwa rabin lita zuwa lita guda kowace awa, a riƙa kurɓa kowane minti 15, kada a jira ƙishi. In tafiyar ta wuce awa biyu ruwa zalla bai isa ba, gishiri na fita da gumi. A haɗa gora ɗaya: lita guda ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ana iya yi da zoɓo ko tsamiya don ɗanɗano. Dabino uku ko huɗu kowace awa, ko ayaba. Agashe a bari sai an dawo.

Alamar da ba a wasa da ita: mutum ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, ko ya daina gane hanya. A sauke shi, a kai inuwa, a jiƙa shi da ruwa har kai, a yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti. In hankalinsa ya gushe kada a ɗura masa ruwa a baki.

Sannan don Allah, ƙannena, kada zafi ya sa ku shiga tur'a wanka ko wanke ƙafa. Ruwan Jazira sananne ne da tsargiya. Ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗin da ke cikin ciyawar gefe, ta ratsa fata ba tare da ciwo ba, sai bayan makonni ko watanni a ga jini a fitsari ko bayan gida. Wanda ya riga ya shiga ya je a gwada shi, maganin praziquantel ne. Wanke keke ma a ɗebo da bokiti mai igiya, kada a tsaya a ciki.

Malamin Makaranta, Madani:
Hajiya ba ki ambaci hular kwano ba, ko don zafi?

Ma'aikaciyar Jinya:
Mantuwa ce, Malam. A sa. Ta keke mai ramuka ce, iska na shiga. Ta zauna yatsa biyu sama da gira, igiyar haɓa kuma yatsa ɗaya ya shiga. Wadda ta taɓa buguwa da ƙasa ta gama aiki ko ba a ga tsaga ba, shi ya sa ta gwanjo sai an duba cikinta da kyau. Cizon kare kuma, tunda rugage da ƙauyuka za ku ratsa: a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi allurar haukan kare a ranar.

Baffa na Singa:
Yara, ku ji wannan da kyau. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ratsa Jazira da jihar Sinnar, kuma abin da yaƙi ya bari a ƙasa ba ya tashi don an daina harbi. Ku bi hanyar da kuka ga sawun karo da na mutane sabo. Hanyar da ciyawa ta rufe, gidan da ba kowa, motar da ta ƙone, tsohon ramin soja, duk a bar su. Ƙarfen da ba ku san shi ba kada a taɓa, kada a jefe shi, ku koma ta sawunku ku gaya wa hukuma da mutanen ƙauyen. Kafin ku shiga sabuwar hanya ku tsaya ku yi sallama ku tambayi dattawan wurin, su suka san inda ake bi.

Kowa ya riƙe takardar shaidarsa. A shingen bincike a sauka daga keke tun daga nesa, a cire tabarau. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton madatsa ko gada. A gida a san hanyar da kuka bi da lokacin dawowarku.

Garken shanu in ya tare hanya a tsaya, kada a kaɗa ƙararrawa a tsakiyarsu, saniya mai ɗan maraƙi ba ta da haƙuri. Kare kuma ba a tsere da shi a hanyar ƙasa. Ka sauka, keke ya shiga tsakaninku, ka ja a hankali har ka fita daga wurinsa.

Bakanike, Singa:
Saura sarƙa, kuma a nan na san za mu sake saɓawa da Usta. Baƙin mai da ake labta mata shi ke kashe ta. Ƙurar nan tana haɗuwa da shi ta zama kamar sanfefa mai ruwa, ta ci sarƙa ta ci haƙora. A wanke da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, a ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya sau 20, sannan a goge waje da tsumma har ya daina baƙi. Man a ciki ake son sa, na waje ƙura kawai yake kira. Bayan habub, wato guguwar ƙura, ko tafiyar tur'a a goge a sake.

Gwajin tsufa: gaɓa 12 cikakku na sabuwar sarƙa inci 12 ne daidai, santimita 30.5. In sun ƙaru da milimita 1.5 a canza. In sun kai 3, haƙoran baya ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, sai a canza duka.

Mai Faci, Sinnar:
Ba saɓani wannan karon, sai gyara ɗaya. Phoenix mai rufaffiyar sarƙa tana jure mai mai kauri, don ƙura ba ta kai mata sosai. Amma tsohon man da aka juye daga inji kada a sa wa kowacce.

Masu Phoenix ɗin su duba abu uku. Kusar da ke riƙe hannun feda, in tana motsi a buga ta ta zauna sannan a ɗaure noti, ba a jawo ta da noti, zaren ne zai tsinke. Boris na wili da na tsakiya a wanke a sa sabon giris. Firiwil kuma in mai haƙori 18 ne a mai da shi 20 ko 22, a ƙara wa sarƙa gaɓa, feda za ta yi sauƙi a iska da hanyar ƙasa. A tuna fedar hagu zarenta a juye yake, wajen dama ake kwance ta. Birkin sanda a jiƙaƙƙen wilin ƙarfe kusan babu shi, a ba da tazara.

Malamin Makaranta, Madani:
Sirdi ma. Yawancin samari ƙasa suke barinsa don ƙafa ta taɓa ƙasa, shi ke kawo ciwon gaban gwiwa. Ka zauna, ka ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Mai son lissafi ya auna daga ƙasa zuwa matsematsi ba takalmi, ya ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne daga tsakiyar sandar da hannayen feda ke juyawa a kanta zuwa saman sirdi. A canza da milimita 5 a lokaci guda. Masu giya su zaɓi mai sauƙi su juya ƙafa 80 zuwa 90 a minti, ya fi a danna mai nauyi a hankali.

Ba wanda ya yi maganar iska, ga shi a ƙasar da ba tudu ita ce tudun. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu daga arewa take busowa, da asuba tana kwance, hantsi na yi tana tashi. Don haka daga Maiwurno ku fara nufar Sinnar, ku dawo tana tura ku. Wanda ya fara yin kudu wajen Singa zai ji daɗin zuwa, dawowar ce zai gane kurensa. Da damina abin ya juya, daga kudu take zuwa.

Ɗan Maiwurno:
Madalla. Abin da na tsinta: Juma'ar farko Maiwurno zuwa Sinnar da dawowa, wajen kilomita 30, a bar Singa sai gaba. Amma da kekuna daban-daban haka, ba za a watse a hanya ba?

Direban Lori:
Za a watse in masu tsere ne a gaba. A sa mai Phoenix ɗaya ya ja, ɗaya mai tsere ya tsare baya da kayan gyara. Gudun kilomita 15 zuwa 18 a awa ya isa, awa biyu kenan da ɗan hutu. Tazarar keke guda a kwalta, uku a hanyar ƙasa saboda ƙura da tsaga. Na gaba ya nuna rami da hannu ya faɗa da baki, na baya ya yi kiran mota. A ƙara nisa da kilomita 5 zuwa 8 kowane mako. Singa ta haura kilomita 40 daga wurinku, zuwa da dawowa aikin wata biyu ne na sabo.

Mai Faci, Sinnar:
Kafin Juma'ar a duba bawul, don kekunanku biyar iri uku ne: siriri mai ɗan noti a ka na masu tsere, irin na mota na mai ƙatuwar taya, da mai 'yar roba a ciki na Phoenix. Famfon masu faci na ƙauye ba ya kama siririn sai da ɗan mahaɗin tagulla. A sayi biyu, a bar ɗaya ɗaure a kan bawul ɗin. Masu Phoenix su riƙe 'yar robar bawul ta canji, zafi na tsattsaga ta, kuma rabin kekunan da ake turowa wai sun yi faci ita ce kawai ta mutu. A tofa yawu a bakin bawul a gani kafin a cire taya.